Fuskar da Ke Jikin Motar Baƙi

Kwana goma sha tara da rasuwar ƙaninta Nangala ta koma bakin aiki, ba don zuciyarta ta huce ba. Dattawan garin Wanturu ne suka zauna suka ce a buɗe hanyar tudun yamma, baƙi su ci gaba da zuwa kallon faɗuwar rana, tunda da wannan yawon samarin gari huɗu ke cin abinci. Wanda ya saba kai baƙin, wato ƙanin nata, ya tafi. Labarin tudun kuwa na gidan ubansu ne, babu mai ikon buɗe baki ya ba da shi sai ita. Sai ta ɗaure kanta da ta aske saboda makoki, ta rataya makullin ƙofar shinge a wuya, ta je ta tsaya bakin hanya tun ƙarfe huɗu, tana korar ƙudaje da reshe.

Ta riga ta yi waya da Lachlan, mai kamfanin da ke kawo baƙin, ta tuna masa abin da ko yaron goye ya sani. Sunan mamaci ba ya fita daga bakin kowa, Kumanjayi ake cewa a madadinsa. Muryarsa da ake kunna wa baƙi a mota, a kashe ta. Hotonsa kuma kada ido ya gani. Lachlan ya ce haba Inna, sai ka ce baƙo. Gaskiyarsa ne, shekararsa goma sha ɗaya a ƙasar. Kumanjayi da kansa ya raɗa masa suna Japaljarri, a tsarin zumuntarsu wannan sunan ya mai da shi ɗan Nangala, ya mai da Kumanjayi kawunsa. Jelar kangaru nawa Baturen nan ya ci a bakin wutarsu? Ba ta lissafuwa.

Ƙura ta taso daga gabas. Nangala ta kare ido da tafin hannu. Ba ƙaramar farar motar da take sa ran gani ba ce, tsohuwar shuɗiyar ce, wadda aka manna wa fuskar ƙaninta tun daga kan taya har rufi. Kafin ta iso, ta juya mata baya.

Lachlan ya diro yana share zufa. "Inna, ina wuni? Buɗe mana, rana na gudu."

"Ta yi ta gudu. Ina ƙaramar motar?"

"Ta ƙi tashi tun safe, tana wurin makaniki a Alice Springs. Amma na rufe sunan da baƙin salatif, tas. Duba ki gani."

"In duba? Ni kake ce wa in duba?"

Ya bi inda haɓarta ta nuna da kallo. Bayan shinge kaɗan, dab da hanya, bukkokin rassa ne na zaman makoki. Nan Nungarrayi, matar mamacin, ke zaune da tsofaffin mata, fuskokinsu shafe da farar ƙasa. Tun ranar da aka yi rasuwar kalma ba ta fita daga bakinta ba, da hannu take magana, kuma haka za ta yi ta yi har a sake ta daga takaba. Hanya ɗaya ce tak zuwa tudu, kuma gefen motar mai hoto shi zai fuskanci bukkokin.

"Ka rufe suna ka bar fuska," in ji Nangala. "Kai ɗana, da me kake tunani, da hularka?"

"Zan taka wuta, Inna. Kafin su ɗaga ido mun wuce."

"Ka taɓa ganin mota ta ratsa Wanturu ba a ɗaga ido ba? Har karnuka sai sun tashi sun kalla."

Baƙin sun fara saukowa, su goma sha huɗu, kowa da ragar ƙudaje a fuska kamar masu ɗibar zuma. Wani dattijo a cikinsu ya kawo shawara a juya motar a tafi da baya, ɗaya gefen ya kalli bukkoki. Nangala ta ce bismillah, in shi zai tono ta idan ta nutse a yashi. Aka ɗan yi dariya, da abin ya tsaya nan da sauƙi.

Amma akwai wani dogo mai kyamara kamar taɓarya a wuya. Shi bai yi dariya ba. Ya zaro wata tsohuwar takardar talla daga aljihu, ya ce shi daga wata duniya ya taso, jirgi uku ya hau, gobe da asuba kuma zai tafi. Ya ce ba wannan matar aka ce masa za ta kai su ba. Ya nuna jikin motar da yatsa ya tambayi ina tsohon yake. Sannan ya karanta sunan daga takarda, baro-baro, da ƙarfi, har da maimaitawa don yana ganin bai faɗa daidai ba.

Tabɗi. Nangala ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a baya. Kwana goma sha tara tana danne sunan nan a ƙarƙashin harshenta, ko a mafarki ba ta yarda ya fito ba, sai ga wani ƙato ya jefar da shi a tsakiyar hanya. Lachlan ya ruga yana cewa don Allah malam, don Allah, amma bakin alƙalami ya bushe.

Ba ta yi ihu ba. Makullin ta cire daga wuya ta zura cikin rigarta, ta nemi tsakiyar hanya ta zauna daɓas a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, ta jingina da ƙofar shinge, fuskarta na kallon gefe.

"Yau babu rana," ta ce. "A koma gida."

Hayaniya ta kaure. Mai kyamara ya ce zai rubuta a ko'ina duniya ta karanta. Ta ce ya rubuta, ya ƙara da cewa tsohuwar ba ta da haƙora biyu na sama, don a gane ta da kyau. Wata ta tambaya ko babu wani babba da za a kira. Nangala ta ce akwai, ita ce.

Lachlan ya zo ya tsuguna a gabanta, ya sassauta murya. "Inna, ki dube ni. Sati uku motata ba ta shigo nan ba. In na mai da mutanen nan ba su ga komai ba, masu turo mini baƙi sun gama da ni. In na rufe, yaran can huɗu fa? Kuma hoton nan Kawu da kansa ya zaɓe shi. Kin manta yadda yake tsayawa a gefensa yana hura hanci?"

"Da ransa ya zaɓa. Yanzu ba shi ne zai kalla ba, matarsa ce." Ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido. "Ka san abin da za ta yi in ta gan shi. Dutse za ta ɗauka ta fasa kanta, sabon ciwo a kan wanda bai warke ba. Ka ce mini ƙarya nake."

Ya sani, a gabansa aka ɗinke mata goshi ranar farko ta makokin.

"Yaran huɗu 'ya'yana ne," ta ƙara da cewa. "In sun ji yunwa tukunyata suka sani. Amma fuskar nan ba za ta wuce ƙofar nan a buɗe ba, ko da kamfaninka zai kama da wuta."

Ya tashi ya shiga neman abin rufewa. Ya ɗauko ƙyallen teburin shayi, iska ta fizge shi. Salatif ya ƙare a kan suna. Inuwar shinge kuwa sai tsawo take ƙarawa, baƙi suna ta duban agogo. Nangala na jin duk kai-komonsa a bayanta, har ta gaji da shirmensa.

"Sauko da jarkar ruwan shayi," ta ce.

Ya sauko da ita. Ta nuna masa wani kwari a gefen hanya inda ƙasa ta daddage, ta sa ya tuttule ruwan duka a ciki. Wata baƙuwa ta yi ƙorafin shayi, babu wanda ya kula ta. Nangala ta cusa hannu ta kwaɓa jar laka, mai kauri, ta cika masa bokiti.

"Je ka shafe. Kada ka bar ko kunne."

Ya ɗauka ya tafi. Tana nan zaune ta ba motar baya, tana jira ta ji ƙarar laka a jikin ƙarfe. Shiru. Ta ƙara jira, shiru. Can sai ta ji wani sauti da ba ta yi tsammani ba, ƙaton mutum yana shessheƙa.

"Inna, ba zan iya ba," ya ce. "Ya zan watsa wa Kawu laka a fuska? Mutumin da ya koya mini komai?"

Ka ji fa. Shekara goma sha ɗaya, ya iya gaisuwarsu, ya iya gasa burodi a toka, amma har yau a wurinsa rufe fuskar mamaci cin mutunci ne. Haushi ya kama Nangala, tausayi kuma ya biyo baya, ta rasa da wanne za ta ji. Wata baƙuwa mai furfura ta matso a hankali ta ce ko ita ta taimaka.

"Na gode, 'yar'uwa. Baƙo ba ya taɓa mini ƙani."

Ta dafa ƙasa ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Ta sa aka ajiye mata akwatin ƙanƙara a gindin motar, ta rufe ido gam, Lachlan ya kama hannunta ta hau. Ta ɗebi laka ta shafa a makance. Ta sake ɗiba ta shafa. Ta tambaye shi ya rufu? Ya ce a'a, taga take shafawa. Ta matsa hagu, ya ce yanzu kuma hula ce kaɗai. Laka na ƙarewa a banza, ruwa kuma babu sauran ko ɗigo. Babu yadda za ta yi, ta buɗe ido.

Ga shi nan, dab da hancinta, ya fi ta girma sau uku. Dariya yake yi, kansa a karkace, irin dariyar da yake yi in ya tsokane ta ya san ta kusa jifansa da takalmi. Ga tabon gefen girarsa, na ranar da doki ya kayar da shi suna yara, ita ta goya shi har gida. Ashe ta fara manta yadda idonsa na hagu ke ƙanƙancewa. Ta so ƙaninta, ta so shi fiye da yadda ta taɓa gaya masa, kuma ta san daga yau ba za ta ƙara ganinsa ba har ta mutu.

Ta ji motsin ƙarfe a bayanta. Ba ta waiwaya ba.

"Kai mai kyamara. Ɗaga abin nan, ka ga yadda ake zuwa Alice Springs da ƙafa."

Motsin ya tsaya cak.

Ta fara daga goshi, a hankali, da tafin hannu, yadda take shafa masa mai yana ƙarami. Ta rufe tabon. Ta rufe kumatu da gemu da bakin mai dariya. Idanun ta bari ƙarshe, ta daɗe a kansu fiye da yadda ya kamata, babu kuwa wanda ya yi ƙarfin halin ce mata rana na gudu. Sannan ta kwashe sauran lakar ta gama aikinta.

Ta sauko, ta buɗe ƙofa. Lachlan ya ce ta shiga gaba ta zauna, ta ce a'a. A ƙafa ta shige gaban motar, tsakiyar hanya, da tafiyarta ta tsohuwa mai ciwon gwiwa, motar na rarrafe a bayanta don kada ƙura ta tashi kan masu makoki. Ba su yi nisa ba rana ta taɓa ƙasa, ja jawur, a bayan tankin ruwan gari. Tudun na can gaba, ba za su same ta a kai ba. Nangala ta nuna da hannu ba tare da ta juyo ba.

"Ga ranarku can. Ita ce dai ta kan tudun, ba a canza ta ba."

Da suka zo daidai bukkokin, matan suka ɗaga kai gaba ɗaya. Suka ga shuɗiyar mota da ƙaton jan tabo a gefenta, suka mai da kai ƙasa. Nungarrayi ce kaɗai ba ta sunkuyar ba. Ta dubi motar, ta dubi hannuwan Nangala, ja har gwiwar hannu. Sai ta kai yatsu biyu kan idonta, ta juya tafin hannu sama, alamar tambaya: kin gan shi?

Amsar da ta dace ita ce a'a, Nangala ta sani, tsofaffin ma duk sun kasa kunne. Ta yi wa Lachlan hannu ya dakata. Ta bar hanya, ta taka har bakin bukka, ta durƙusa, ta kai bakinta kunnen matar ƙaninta.

"Na gan shi," ta ce. "Dariya yake yi."