Yadda Na Naɗe Laraba

Daren jiya mafarki na yi. Ga ni a garinmu, amma ruwan sama daga ƙasa yake tashi, kowa ya taka lemarsa yana tafiya. Ban yi mamaki ba. Ni ba na mamaki.

An kafa farin ƙyalle a filin ƙwallo da rana tsaka. Awaki ne hukumar ilimi, suna kujerun gaba, shugabansu wani bunsuru mai tabarau. A can ba a zuwa duba makaranta. Fim ɗinta ake kallo, a yanke mata hukunci.

Aka kunna majigi. Ga firamarenmu, azuzuwa shida, babu yaro ko ɗaya, kaza na kan tebur. Wata murya a fim ɗin ta ce kamar za ta yi kuka, "Iyayen garin nan sun ƙi boko."

Awaki suka kaure da gardama. Rabi suka ce a rufe, rabi suka ce a sayar wa mai gidan burodi. Malama Tasalla, shugabar makarantar, ta juyo gare ni. "Baba, jikokinka uku na ciki fa."

Na miƙe. "Ranka ya daɗe, wace rana aka ɗauki wannan?"

"Fim ba shi da rana, dattijo. Kai aji nawa ka yi?"

"Biyu. Amma dubi ta taga, jakuna ne da buhunan albasa. Laraba ce, ranar kasuwa. Yara sun tafi taya iyayensu."

"Abin da ba ya cikin fim, babu shi," in ji bunsuru, ya ɗaga hatimi.

Sai na tattare riga na shiga cikin ƙyallen. Na tarar da mai kyamara, Ɗanlami, yana shan rake.

"Kai, me ya kawo ka ran Laraba?"

"Baba, ranar kaɗai mota ke shiga garinku."

Larabar na rataye a bango kamar tabarma. Na naɗe ta, na jingine. Alhamis na ƙarƙashi.

Yara suka ɓarke. Aji ɗaya yara casa'in, wasu a ƙasa, wasu a kan taga, biyar na riƙe da littafi ɗaya. Suka cika fim ɗin har ƙyallen ya yage, suka zubo kan awaki suna karatu da ƙarfi.

Bunsuru ya goge tabarau. "To, yanzu akwai su." Ya buga hatimi: a ƙara azuzuwa huɗu da malamai shida. Nan take ginin ya tsiro, rufi ya fara fitowa, bango na bin sa.

Malama Tasalla ta rangaɗa guɗa. Ɗanlami ya juyo da kyamara kaina. "Baba, ɗan yi murmushi."

"Ban saba ba. Ɗauki yaran."

Ƙarar ƙarfen da ake bugawa a firamare ce ta tashe ni. Na leƙa tsakar gida. Jikokina uku na zaune suna shan koko, ko takalmi ba su sa ba.

Na ɗauki sandata.