Ginshiƙan Auta

Injiniya ba injiniya ba ne. Difloma ya yi a fannin gini, ya fito ya kama aikin sa ido a kan ma'aikata a wuraren da ake ɗora benaye. Amma tun ranar da ya shigo gida da farar hular kwano a kansa mahaifinsu ya laƙaba masa sunan, ya kuwa bi shi. Baba tsohon magini ne, shekara arba'in yana jera bulo ƙarƙashin umarnin wasu, don haka sunan ya fi masa daɗin faɗa a baki fiye da na gaskiyan. Leburori suka ɗauka, maƙwabta suka ɗauka, har matarsa in tana jin tsokana sai ta ce, "Injiniya, famfon banɗaki fa ya gagari ilminka."

Shekara goma sha shida yana amsa sunan bai taɓa yi masa nauyi ba, sai ranar da ƙanwarsa Auta ta shigo falo da takarda a hannu tana haki. Shi ya goye ta tana ƙarama, shi ya koya mata riƙe rula. Ta gama digirin farko a zanen gine-gine, yanzu kuma jami'a ta ɗauke ta ta yi digiri na biyu har guda biyu a haɗe, na zane da na injiniyan gini, cikin shekara uku.

"Wato me ke nan?" in ji Baba, yana juya takardar da ba ya iya karantawa sai da tabarau.

"Baba, mai zane shi ke cewa ga yadda gini zai kasance. Injiniya shi ke cewa ga abin da zai hana shi faɗowa kan mutane. Kullum cikin faɗa suke. Ni so nake in riƙa yin faɗan a cikin kaina, in huta da jiran kowa."

Baba ya yi dariya har da tari. "To madalla! Gidan nan zai samu injiniya na gaske ke nan."

Bai faɗa da wata manufa ba, kowa ya san haka. Amma Injiniya ya ji shayin da ke bakinsa ya koma ruwan zafi kawai. Ya ajiye kofin a hankali.

"Taura biyu dai ba ta taunuwa, Auta."

"Haƙorana ƙanana ne, Yaya, amma da ƙwarinsu," ta ce, aka sake yin dariya, har da shi.

Daga nan labarin Auta ya zama abin gaishe da baƙi a gidan. Duk wanda ya zo duba Baba sai ya ji yadda ake haɗa digiri biyu, ko mai gyaran wuta ne. Ɗan ƙaramin gidan kwali da ta yi a shekarar farko aka ɗora shi a kan talabijin, Baba da kansa yake goge masa ƙura. Injiniya kuwa a shekarar ya kammala bene mai hawa huɗu a bakin babban titi, ya faɗa a gida, Baba ya ce, "Allah ya yi albarka," ya ci gaba da neman tashar labarai.

A shekara ta biyu ta zo wurin aikinsa don ganin yadda ake zuba kankare. Suna tsaye a hawa na biyu ta nuna barandar da za a zuba, ta ce da ƙarfi don ƙarar injin, "Yaya, rodin nan a sama ya kamata ya zauna, ga shi ya kwanta a ƙasa!" Gaskiyarta ne. Leburori ne suka tattake shi, kuma shi ma ya gani, yana da niyyar sa a ɗaga. Sai dai ta riga shi faɗa, a gaban mutum ashirin. Wani lebura ya ce, "Ashe akwai oga a saman oga," aka kwashe da dariya. Injiniya ya sa aka gyara, amma maganar ta tsaya masa a rai.

A shekara ta uku aka zo aikin ƙarshe, wanda za ta kare a gaban malamai. Da yammacin wata Talata ta same shi a ɗan ofishinsa na kwano da ke gefen gini, inda fanka ke juya zafi kawai. Ta ture takalman roba da ragowar tayil daga kan tebur, ta baje manyan takardu.

"Yaya, duba min. Malamaina biyu duk sun sa hannu, amma idonka nake so."

Zauren jiran fasinjoji ne na tashar mota. Rufin kankare mai faɗi, ya ɗan lanƙwasa kamar an hura masa iska, a kan ginshiƙai goma sha biyu sirara. Ya yi kyau, kyan da ya sa Injiniya ya ji kishi ya taso masa, don shi a iya rayuwarsa akwatuna yake ɗorawa kan akwatuna. Ya buɗe shafi na gaba, na gaba, har ya zo inda aka zana mahaɗar ginshiƙi da rufi. Nan idonsa ya tsaya.

Don ginshiƙan su yi siririn da take so, sai ta cika su da rodi su iya ɗaukar nauyin. A lissafi babu kuskure. Amma a mahaɗar, rodin ginshiƙi da na rufi sun cakuɗe, tsakanin wannan da wancan ko ƙaramin yatsa ba zai shiga ba, balle tsakuwa. In aka zuba kankare a sama zai tsaya, ƙasa ya zama rami. Wanda ya taɓa tsayawa a rana yana kallon kankare ya ƙi sauka ne kawai zai gane haka da kallo ɗaya.

Ya buɗe baki. Sai ya ga sunanta a ƙasan takardar da jerin haruffan digirin da za a ƙara mata, ya tuna dariyar leburori. Ya rufe shafin.

"Ya yi kyau," ya ce.

"Babu abin gyara?"

"Mu da difloma me za mu gyara wa masu digiri biyu?"

Ta harare shi cikin wasa, ta bar masa kwafi ɗaya ta tafi.

Tana fita ya leƙa ta taga ya kira Kawu Mai Rodi, tsohon abokin aikin Baba, wanda har yanzu shi ke ɗaure musu rodi. "Kawu, ku zo ku ga karatu." Kawu ya sa tabaransa mai ɗaure da waya, ya duba, ya ce, "Kai! Wannan ai ko ruwa sai ya yi sallama kafin ya wuce." Suka yi dariya. Kawu zai fita sai ya juyo. "Ka gaya mata dai."

"Zan gaya mata."

Sati uku suka rage kafin ranar karewa. Sau biyu yana ɗaukar waya ya nemo lambarta, ya mayar aljihu. Ya ce wa kansa ai tana da malamai, su ake biya don wannan. Ya ce wa kansa faɗuwa ɗaya ba ta kashe mutum, ta ma fi koyarwa. Matarsa ta lura ya daina cinye abincinsa, ta tambaye shi, ya ce zafi ne.

Ranar karewa shi ya ɗauko Baba a mota, suka zauna a kujerun baya na zauren. Auta ta yi bayani tiryan-tiryan, malamin zane yana gyaɗa kai, malamin lissafi yana gyaɗa kai. Sai wani dattijon farfesa da aka gayyato daga wata jami'a, mai tabon ƙuna a bayan hannu, ya miƙe ya je jikin allo ya sa yatsa daidai kan mahaɗar.

"'Yata, ta ina kankaren zai shiga?"

Auta ta dubi zanen, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce a hankali, "Ba zai shiga ba, Farfesa."

Abin da Injiniya ya fara ji daɗi ne. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma daɗi ne, sanyi har tafin ƙafa. Bai kai minti ɗaya ba ya juya ya ga Baba ya cire hula ya riƙe a cinya, sai daɗin ya gushe.

Aka ce ta sake ginshiƙan da lissafinsu duka, ta dawo bayan wata shida. Abokan karatunta suka yi bikin kammalawa babu ita.

Bayan kwana huɗu sai ga ta a wurin aikinsa da tsohon wando da safar hannu. "Yaya, na gane abin da ya rage min. Zan riƙa zuwa kullum in ga yadda ake ɗaurin rodi, in ka yarda." Kafin ya amsa Kawu ya taso daga inda yake lanƙwasa ƙarfe yana goge hannu.

"Sannu, 'yar gidan Baba. Na ji abin da ya faru. To amma ke ma da taurin kai, ai yayanki ya gani tun ranar da kika kawo, har ya nuna min. Don me ba ki gyara ba?"

Auta ta juya ta dubi yayanta. Kawu ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya gane ya yi ɓarin zance, ya koma wurin ƙarfensa sumui-sumui.

Suka shiga ofis, ta jawo ƙofa.

"Ka gani?"

"Na ɗauka malamanki za su..."

"Yaya."

Ya zauna a bakin tebur. "Na gani."

"Na tambaye ka. Sau biyu na tambaye ka."

"Shekara goma sha tara ina cikin rana, Auta. Gine-gine talatin da wani abu, babu wanda ya tsage. Baba bai taɓa cewa in kai shi ya ga ko ɗaya ba. Naki na kwali kuwa kullum sai an goge shi." Yana faɗa yana jin ƙanƙantar maganar a kunnensa, amma ta riga ta fita daga bakinsa.

Ta daɗe tana kallonsa, ba kuka, ba faɗa. "Da wannan ka faɗa min tuntuni, da ni da kaina na ɗauko Baba na kawo shi nan. Ni ban taɓa ganin akwai wanda ya fi ka sanin gini ba. Shi ya sa na kawo maka."

"Ki yi haƙuri."

"Na ji. Baba dai kada ya sani, jininsa zai hau."

Ba ta fasa zuwa ba. Wata shida cur tana durƙushe gefen Kawu, tana lanƙwasa rodi, tana ɗaurewa da waya, har tafin hannunta ya yi kanta. Kullum da safe za ta ce, "Ina kwana, Yaya," da yamma ta ce, "Sai gobe, Yaya." Tambaya kuwa ko ɗaya ba ta ƙara yi masa ba. Ta ƙara wa ginshiƙan kauri kaɗan, ta buɗe su daga sama kamar reshe, ginin ya ma fi na da kyau. Ta wuce da yabo, wani babban kamfani a wani gari mai nisa ya ɗauke ta aiki.

Yanzu takan kira shi ƙarshen wata su gaisa, ta tambayi yara da uwarsu. Amma in aiki ya cije mata, wayar Kawu ce ke ƙara. Kawu ba ya ji sosai, sai ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Rannan tana tambayar kwana nawa ya kamata a bar katako a ƙarƙashin doguwar baranda in ana sanyi, Kawu yana ta inda-inda. Injiniya, da ya yi kamar yana ƙirga buhunan siminti a kusa, ya kasa daurewa.

"Kawu, ku ce mata kada ta cire kafin sati uku, kuma daga bakin waje za ta fara sassautawa."



"To, Kawu, na gode," in ji Auta. "Ku gaishe min da Yaya."