Kujerar Da Mai Ido Ya Bari

Mai Ido suke kiran mijina a garejin bayan layinmu. Ba don idanunsa manya ba ne, ƙanana ne ma, kullum a tsuke. Sana'arsa ce ta jawo masa sunan. Kujerun mota na fata yake gyarawa, waɗanda suka tsattsage ko suka koɗe, kuma in ya haɗa launi ya shafa, ko mai motar ba ya iya nuna inda aka taɓa.

Shagonsa a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya ta waje, ɗaya ta ciki. Shekara ashirin da shida ina shaƙar warin gam da rini har na daina ji. Abin busar da gashi da yayata ta saya mini, wata Talata ya ce in ara masa na minti biyar. Har ya koma ga Allah minti biyar ɗin ba su cika ba.

In ya haɗa rini ba ya kai shi kan kujera. Sai ya ɗiga a guntun fata, ya busar, ya sake haɗa wani ya ɗiga a gefensa. Yakan ce ɗanyen rini maƙaryaci ne, sai ya bushe yake faɗin gaskiya. Ƙwan lantarki ma bai yarda da shi ba, sai hasken safe. In ɗigon ya kai biyar ko shida, sai ya leƙo ta ƙofar ciki.

"Maman yara, ajiye wankin nan. Wanne?"

"Ni aka biya ko kai?"

"Ke dai nuna."

Sai in nuna. Wani lokaci ya ce na dace, wani lokaci ya yi dariya ya ce da ni ce mai shagon da mun daɗe da kwana da yunwa.

Aikinsa na ƙarshe kujerar direba ce ta wata tsohuwar mota. Mai ita malamar asibiti ce da ta ajiye aiki, motar kuma ta mahaifinta ce, ta ƙi sayarwa. Fatar launin shayi ce da aka cika wa madara. Gefen da ake gogawa wajen shiga da fita ya farfashe kamar ƙafar mai kaushi. Ya wanke wurin, ya cike tsagar, ya bi ta da samfefa har ta yi sumul. Ranar Laraba ya kawo mini guntun fata mai ɗigo biyar, na nuna na biyar. Ya kalle shi ya daɗe, ya ce, "Kin kusa. Saura ƙiris." Bai faɗi mene ne ƙiris ɗin ba. Alhamis ya kwanta, Litinin muka rasa shi.

Ƙaninsa, Auta, tela ne, shi ke ɗinka masa rigunan kujeru. A ɗinki ba a ja da shi. Bayan mako uku ya ce zai ƙarasa aikin don kada kayan mutane su yi ta zama. Ya yanko fata daga ƙarƙashin kujerar, inda rana ba ta taɓa gani ba, ya haɗa rini daidai da ita, ya shafa.

Ina ɗaki na ji muryar malamar ta ƙofar ciki. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Na san marigayi ba haka zai bar mini ita ba. Asabar zan turo a ɗauka, in kai wani wuri." Da ta zage mu da ya fi mini sauƙi.

Auta ya shigo yana murza hula.

"Matar Yaya, wallahi launin motar na asali na haɗa. Ko kamfanin da ya ƙera ta sai haka."

"To ka mayar wa kamfanin."

"Ki zo ki gani dai."

Tun rasuwar ban taka shagon ba. Takalmansa suna nan bakin benci, ɗaya ya hau kan ɗaya yadda yake cire su. Na kau da kai na dubi kujerar. Wurin da Auta ya shafa ya fito jajir, kamar sabon faci a tsohuwar riga.

Na ce, "Auta, ka ba tsohuwa fuskar budurwa. Shekara talatin rana tana dukan saman kujerar nan, kai ka je ka tambayi ƙasanta."

"Shi ma Yaya ai yana yanko ta ƙasa."

"Don ya gwada ko rinin zai kama. Ka taɓa ganin ya ɗauki launi a can?"

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a ɗauki aikin Mai Ido na ƙarshe a kai wa wani, a garejin a riƙa cewa kujerar da ya bari sai da aka fitar da ita daga shagonsa kafin ta gyaru. Mutumin da bai taɓa barin aiki ya dawo masa ba.

Na sa hannu a aljihun rigar aikinsa, guntun fatar yana ciki. A kan kantar shagon kuma ga ƙananan kwalabe biyar na rini a rufe, kowace da zane a murfi, ɗaya zuwa biyar. Na ce wa Auta ya goge rinin da ya shafa tas, gobe da safe ya fitar da kujerar waje.

Da safe na ɗora ɗigo na biyar a jikin kujerar na tsuke ido kamar yadda yake yi. Da farko ban ga komai ba sai hawaye. Na share na sake dubawa. Sun yi kama, amma ɗigon yana da wani ja-ja a ciki, kujerar kuwa babu. Nan maganarsa ta faɗo mini, wata rana yana cin abinci yana surutun aiki ina jinsa da rabin kunne: ja ne rana take fara cinyewa a launin fata.

"Miƙo mini kore."

"Kore? Matar Yaya, kujera ce fa, ba ganye ba."

"Kai dai allura ka sani. Miƙo, da tsinken ashana."

Na sha ganinsa yana yi. In ja ya yi yawa ba ya ƙara fari, sai ya tsoma kan tsinke a kore ya kashe shi. Na tsoma, na juya a kwalba ta biyar. Na ɗiga a gefen nasa biyar ɗin. Ɗanye ya fito da duhu, Auta ya ce shi ke nan mun ɓata wannan ma. Na ce ya kunna abin busar da gashina. Muna tsaye muna kallo ɗigon ya riƙa washewa, da na kai shi jikin kujerar sai ya ɓace mini.

Auta ne ya shafa da soso, don hannunsa ya fi nawa tsayawa. Sama-sama sau uku, kowanne sai ya bushe. Na hana shi tsayawa a bakin gyaran, na ce ya riƙa janye soson a hankali har rinin ya ƙare a cikin tsohuwar fata, yadda Yayansa yake yi.

Asabar malamar ta zo da kanta, da mai a-kori-kura. Kujerar tana waje a rana. Ta zagaya ta, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta shafa gefen dama ta ce, "Nan ne ko?"

Auta ya ce, "Hagu ne, ranki ya daɗe."

Ta shafa hagun, ta daɗe hannunta yana kai. Sannan ta tambaya wa ya haɗa launin. Auta ya nuna ni da baki ta ƙofar ciki.

Na ce, "Mai shagon ne ya haɗa. Kan tsinke ɗaya kawai ya bar mini."

Ta ce Allah ya jiƙansa, na ce amin. Ta sallami mai a-kori-kura, Auta ya bi ta gida ya ɗaura kujerar a motar da hannunsa.

Guntun fatar yana cikin akwatina, ɗigo biyar nasa, ɗaya nawa. Abin busar da gashin kuwa na bar shi a shago. Jiya ma Auta ya leƙo ta ƙofar ciki da wani guntu a hannu, ya ce, "Matar Yaya, wanne?" Na ajiye wankin na fito.