Sawun Maikuɗi

"Bijimin nan mai farin goshi," in ji Sharfaddeen mai magani, yana leƙen turke ta saman danga. "Shi za ka ba ni. Ba yau ba, sai ran da ka taka ƙafar nan da kanka."

Maikuɗi na kishingiɗe a tsakar gida, ƙafarsa ta hagu a kan kifaffen turmi, ta kumbura tana ƙyalli. Ya ce, "Malam, na huɗa ne fa. In ka raba shi da ɗan'uwansa, da me zan ja garma?"

"Da wace ƙafar za ka bi garmar?"

Maikuɗi ya miƙa hannu. "Na ba ka. Allah ne shaida."

Tun daga Durun ta ƙasar Kabo aka ɗauko Sharfaddeen zuwa Getso, kuma bai zo da wasa ba. Ya shafa wani baƙin ƙulli a ƙafar, ya rage murya. "Wannan ba ciwon Allah ba ne. Sawunka aka ɗauka. An ɗebi ƙasar da ka taka an yi aiki da ita. Sharaɗina ɗaya, kada ƙarfe ya taɓa ka."

Hajaratu, matar Maikuɗi, ta yi magana daga bakin murhu. "To allurar sugarsa fa, Malam? Kullum sai ya yi."

"Ita allurar da kara ake yin ta, Hajiya?"

Maikuɗi bai ma ji su ba, hankalinsa ya koma gona. Ranar da tushiyar dawa ta soke shi, a kan iyaka yake, suna ta cacar baki da ƙaninsa Abdulrahman kan ɗorawar da kowannensu ke cewa a gonarsa take. Da ya juya zai tafi yana ɗingishi, ya waiga. Da idonsa ya ga Abdulrahman ya sunkuya daidai inda ya taka.

Ashe haka ne. Ciki ɗaya, nono ɗaya.

* * *

Ciwon bai tsaya jiran kowa ba. Jan da ke idon sawu da safe, kafin la'asar ya haura ƙwauri. Fata ta yi baƙi, ta tashi ƙuraje masu ruwa, wari ya kori kowa daga ɗakin sai ƙuda. Maikuɗi ya sha randa guda bai kashe ƙishi ba. Sharfaddeen ya ce dafin ne ke fita.

Abdulrahman ya zo dubiya, aka ce masa barci ake. Matar Abdulrahman ta aiko da kunu, Maikuɗi ya sa aka zubar a bayan gida, ya ce a lura ko kaji za su sha.

Ita kuwa Hajaratu wani take lura da shi. Ta ga in mai magani ya shigo, sai ya fara tsayawa a turke ya shafa tozon bijimi, kafin ya tambayi mai jiki. Ranar da Maikuɗi ya fara kiran sunan mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa, ta ja mayafi ta nufi gidan Abdulrahman.

"In kai ka yi, zo ka kwance. In ba kai ba ne, zo ka ɗauki yayanka."

"Na yi me, Yaya Hajara?"

"An ce an ga ka sunkuya a sawunsa."

Abdulrahman ya ce, "Tushiyar na tumɓuke, kada ta soki wani."

Ya samo a-kori-kura. Da suka ciccibi Maikuɗi, sai ya buɗe ido ya ga fuskar da ke kansa, ya kurma ihu: "Jama'a, zai ƙarasa ni! Wajen ƙarfe zai kai ni!"

* * *

Daga asibitin Gwarzo aka tura su Kano. Likitan da ya kwance tsumman da aka naɗe ƙafar da shi ya ce wata ƙwayar cuta ce mai cin nama ta shiga ta ɗan raunin, suga kuma da aka bari ba allura ya share mata hanya. In ba a yanke ruɓaɓɓen naman yanzu ba, ba ƙafa kaɗai za a rasa ba.

"Wa zai amince a yi aikin?" in ji likitan.

"Ni ne ƙaninsa. A yanka."

Aka yanka, aka sake yankawa, har ƙwaurin ya koma kamar rake da aka fere. Aka ɗebo fata daga cinya aka lulluɓe. Da jini ya yi ƙaranci, na Abdulrahman aka ɗiba. Maikuɗi ya farfaɗo ya ga ƙafarsa tana nan, ya yi hamdala. Da Hajaratu ta gaya masa zancen jinin, sai ya juya fuska bango.

"Sawu bai ishe shi ba, sai da ya shigo cikin jikina."

* * *

Sai bayan an gama girbi ya dawo gida, da sanda, da allurarsa ta kullum. Bai gama karɓar barka da arziki ba, sai ga Sharfaddeen da igiya a hannu.

"Alhaji, ka taka da kanka ko ba ka taka ba?"

"Na taka."

"To madalla. Ba don na ɗaure aikin ba, da gawa likitocin nan za su tarar."

Hajaratu ta ce, "Ka ji tsoron Allah, Malam! Kai ka hana shi allura!"

"Yi shiru," in ji Maikuɗi. "Na sa Allah shaida. Kuma wa ya san abin da ya tare?"

Aka kwance mai farin goshi. Ɗan'uwansa ya bi shi da kuka daga turke.

Da yamma Maikuɗi na zaune a ƙofar gida sai ya hango Abdulrahman tafe, ɗauke da ƙullin garin ɗorawa. Ya dogara sanda ya miƙe, ya ja ƙafa zuwa zaure, ya ce wa Hajaratu ta kawo tsintsiya maza.

Mai magani dai ya ci bijimi, ya ƙara suna har garin Kara. Maikuɗi ya tsira da ransa da ƙafarsa, ya rasa garma. Abdulrahman kuwa, da ya ba da jini, yana tsaye da sallama a bakinsa, yana kallon matar yayansa, kanta a sunkuye, tana share sawun ƙafa da na sanda.