Zaren Baba Raman

Almakashin na hannun Raihana lokacin da Baba Raman, tsohon da ke maƙwabtaka da ita, ya buɗe ido. A kan ciyawar da ta raba gidajensu ta tarar da shi yashe, wani farin zare ya shaƙe masa wuya. Ma'aikaciyar jinya ce, ba ta tsaya shawara ba ta datse.

Baba Raman ya shafa ƙirjinsa, ya ji wayam, ya juya mata ƙeya.

"Wallahi na ɗauka igiyar laya ce," Raihana ta ce wa Lakshmi, matar ɗansa.

"Zaren addininmu ne, Anti, tun yana ɗan shekara takwas aka rataya masa. In ya tsufa, sai an sa sabo kafin a cire. Ya ce ba zai ci komai ba sai ya samu wani."

Sabon kuwa sai Asabar, a hannun malamin addininsu da zai taso daga garin Charlotte don rataya wa jikansa Arun nasa zaren na farko. Uban yaron ya rasu, don haka kakan ne zai raɗa masa addu'a a kunne. Ga zuciyar tsohon ta gaji, ga yunwar kwana uku.

Raihana ta shiga uku. Ta dama kunu ta kai, aka dawo mata da shi. Ko a wurin aiki a unguwar East Greensboro, waya na ƙara sai ta ɗauka labarin rasuwarsa ne. Ita da ta je taimako, a ce ita ta raba maraya da muryar kakansa?

Ranar Asabar aka hura wutar ibada a garejin gidansu. Tsohon ya karɓi sabon zarensa, aka lulluɓe shi da Arun cikin mayafi ɗaya, ya daɗe yana raɗa, kamar mai yi wa jariri huɗuba. Da aka yaye, ya hango Raihana a rakuɓe bakin ƙofa.

"Likita, ina almakashin?"

"Na bar shi a gida, Baba."

"To, kawo kunun nan naki."

Ya sha ludayi huɗu. Raihana ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka.

Ranar Talata da hantsi ya rasu a kujerarsa. Tsohon zaren kuwa Lakshmi ta ɗaura shi a reshen bishiyar da ke tsakanin gidajen, shaidar yankan almakashin na nan a jikinsa.