Na Biyu Ya Faɗi ta Arewa

A shekarar da garuruwan arewacin Adamawa ke faɗawa hannun mahara ɗaya bayan ɗaya, Malam Zadok bai bar al'adarsa ba. Koyarwa yake yi a unguwar Jambutu da ke Jimeta, amma ransa na wurin taurarin nan masu tsinkewa daga sama. Fitilun Jimeta na hana shi gani, don haka gabanin asuba yakan tuƙa kekensa zuwa bayan gonakin Yolde Kohi, ya shimfiɗa tabarma ya kwanta rigingine. Ba ya ɗauke ido daga sama. Duk wanda ya gani sai ya faɗa wa wayarsa, ita kuma ta naɗe muryar.

Wani dare ya ce, "Na biyu ya faɗi, ta arewa."

Sai ya ji sanyin bakin bindiga a wuyansa. Tocila ta dalle masa ido, wayar ta suɓuce masa ta faɗi kan tabarma.

Mai tocilar ya daka tsawa, "Wane gari ne ya faɗi? Wa kake faɗa wa?"

'Yan banga ne su biyu: Lado mai tocila, da wani tsohon maharbi, Hamajoɗa, riƙe da bindigar.

"Tauraro ne, Baba. Taurari nake ƙirgawa."

Lado ya yi dariyar da ba daɗi. "Bappa, ka ji ko? Ana gudun rai, shi yana kiwon taurari! Mu kira mutane kawai."

 Zadok ya san abin da taron mutane ke yi wa wanda aka kama da waya a daji a wannan lokacin.

Hamajoɗa ya ce, "To, faɗo mana da ɗaya mu gani."

 Wannan ba babban zubin taurari ba ne, ƙarami ne. Sai a yi sa'a guda ba a ga fiye da biyu ko uku ba, ga shi gabas ta kusa yin fari.

Zadok ya ce, "Sai an kashe tocila, Baba. Ido ba ya gani sai ya saba da duhu."

"Don ka gudu?" in ji Lado.

"Kashe," in ji tsohon, ya zauna a gefen tabarmar, bindigar na kan cinyarsa.

Sama ta yi tsit. Zakara ya yi cara, wani ya amsa. Lado ya fara latsa tasa wayar don kiran mutane. Zadok ya rufe ido, yana kiran sunayen 'ya'yansa a zuci.

"A'uzu billahi!" Hamajoɗa ya zabura. "Ga shi can! An jefi shaiɗan!"

Ya sauke kunamar bindigar a hankali, ya tura wa Zadok wayarsa.

"Malam, faɗa mata na uku."

Zadok ya karɓa.

"Ba zai shiga lissafi ba, Baba. Idona a rufe yake."