Ɗigo Uku a Kan Ƙuri'ata

Tun da asuba mahaifiyata, wadda muke kira Madar, ta jiƙa shinkafa. Na fito na same ta a tsugune tana yanka karas siriri-siriri, ga zabibi a kwano. Na ce cikin lallashi, "Madar jan, don Allah ki bari mu ga yadda ranar za ta kaya." Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce Jamshed ba ya son shinkafar palau da aka dafa a gaggauce.

Jamshed ƙanina ne, direban babbar mota. Tun kafin dusar ƙanƙara ta sauko mutanen Janar Sabur suka sauke shi a hanyar Salang, wai ya rage wa wani da ake nema hanya. Ga shi har itatuwa sun yi fure, ba kotu, ba ziyara. Ni kuwa 'yar majalisa ce guda, mai bakin da ministoci ke shakka, amma na kasa fito da ɗan'uwana ciki ɗaya. Wannan abu yana ci mini rai.

A ranar majalisa za ta kaɗa ƙuri'a a kan mutum biyu: Dokta Lailuma, da ake so ta zama ministar lafiya, da shi Janar ɗin, wanda ke riƙon ƙwarya a hukumar leƙen asiri yana neman a tabbatar masa da kujera. Ɗan aikensa a cikinmu shi ne Haji Tura, wakili daga arewa, mai ƙaton rawani da muryar da ba ta buƙatar lasifika. Kwanaki kafin nan ya tare ni a ɗakin shan shayi.

"Wakiliya, Janar yana gaishe ki. Ya ce yaron naku yana cin abinci sosai."

"Haji Sahib, faɗi abin da ke tafe da kai."

Ya turo mini farantin alewa. "Ƙuri'arki Janar yake so. Kin san halin 'yan'uwanmu. Kowa zai dafa ƙirji ya ce na ba ka, a buɗe akwati a tarar da iska. Shi kuwa Janar rashin yarda da mutane shi ne sana'arsa. Don haka kowa da alamarsa, wani layi, wani da'ira. Ke ɗigo uku a ƙarƙashin alamar ƙugiya da ake ja don amincewa, kamar duwatsun murhu. In aka ɗaga takardarki gaban kyamara ya gani, Jamshed a gida zai ci abincin dare."

Na dai ɗauki alewar. Da na koma gida na gaya wa Madar, har na zana mata ɗigon a cikin garin alkama, tun da ba ta karatu.

Aka fara da Dokta. Baiwar Allah ta zo da maganar matan da ke mutuwa kan jaki kafin a kai su asibiti, amma wa ya saurara? Haji Tura ya miƙe ya tambaye ta ina mijinta, ya kuma san ta fito kuwa? Wani ya ce an ce 'ya'yanta a ƙasar waje suke karatu. Ta gyara gyale ta ce, "Wakili, 'yarka da na karɓi haihuwarta bara ba ta tambaye ni ina mijina ba." Aka bushe da dariya, Haji ya zauna yana huci. Da wata rana ce, wallahi da ni zan fi kowa buga tebur. Ranar kuwa hankalina duk yana kan ƙuri'ar Janar.

Da Janar ya hau mumbari sai zauren ya yi tsit. Tambayoyin ma duk gaisuwa ce. Wani dattijo ne kaɗai, Ustad Rahmdil, wanda kunnensa ya yi nauyi har ya daina jin tsoro, ya ce, "Janar Sahib, mutanen da kuke ɗauka a hanya, ina kuke ajiye su?" Janar ya yi murmushi ya ce kowa yana hannun doka. Sai Shugaban Majalisa ya kira sunana, don tun makon jiya na nemi magana. Na miƙe. Janar ya zuba mini ido. Na ce na janye tambayata. Na ji wata a bayana tana cewa, "Au, yau Shukufa azumin magana take?" Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka ba kowa takarda biyu, akwati biyu. A bayan labule na ba Dokta ƙuri'ata tsaf. A ta Janar na ja ƙugiya, na ɗiga ɗigo uku, na sake danna alƙalami a kan kowanne don kada kyamara ta kasa gani.

Akwatin Dokta aka fara buɗewa. Magatakarda yana ɗaga takarda ɗai-ɗai gaban kyamara yana kiran abin da ke ciki. Ana cikin haka ya tsaya. Wani ya amince da ita, ya kuma rubuta a gefe, Allah ya tsare ki. Sai ga wata irinta.

Haji Tura ya zabura. "Lalatacciya ce! Ƙuri'a ce ko wasiƙar soyayya? Duk takardar da ke da wani abu ban da ƙugiya, a jefar!"

Na tsallake kujeru biyu na kama gefen rigarsa, abin da ban taɓa yi wa namiji ba. "Haji Sahib, zauna. Don girman Allah zauna."

"Sake ni! Ƙawarki ce, mun sani."

"Ɗaya akwatin fa? Haji, ɗaya akwatin!"

Ina! Mutumin da mace ta kunyata gaban kyamara ba ya jin kira. Ya fizge rigarsa yana ta kumfar baki, mutanensa suka mara masa baya da buga tebur. Wani ya wurga gorar ruwa. Shugaba ya kaɗa ƙararrawa har ya gaji, ya ce to a ɗaga kati a raba gardama. Koren kati in an yarda a jefar da duk takarda mai ƙarin alama, ja in ba a yarda ba. Na ɗaga ja har kafaɗata ta yi ƙara. Zaure ya koma kore shar. Magabtan Janar ma kore suka ɗaga, suna sunkuyar da kai suna murmushi, su sun riga sun gano.

Dokta ta tsallake duk da haka, da ƙyar. Ban ma taya ta murna ba, idona na kan ɗaya akwatin.

Aka buɗe akwatin Janar. Takarda ta farko lafiya. Ta biyu, layi a ƙarƙashin suna. "Lalatacciya," in ji magatakarda. Ta gaba, da'ira. Lalatacciya. Wata da ɗan tauraro, wata kuma an zana mata jinjirin wata. Tarin lalatattun da ke gefen hagu sai tashi yake. Na waiwaya na dubi Haji Tura. Bakinsa a buɗe, rawanin ya karkace, katin nan kore har yanzu yana hannunsa. Ya miƙe zai yi magana, Shugaba ya ce, "Haji Sahib, kai ka kawo shawarar, mun kuwa karɓa. Zauna."

Ni addu'a nake, ban ma san me nake roƙo ba. Mutumin da ya kulle ƙanina nake roƙa wa nasara, ina ƙirga masa ƙuri'u da yatsu a ƙarƙashin tebur. Tir da wannan rana.

Sai ga tawa. Magatakarda ya ɗaga ta sama, kyamara ta matso, ɗigo uku baƙi wuluk a kan babban allo. Ya jefa ta hagu.

Janar bai kai rabi ba. Ya tashi ya gyara maɓallin kwat, ya fita ta ƙofar gefe bai dubi kowa ba.

Na cim ma Haji Tura a matakala. "Ya ga tawa. Kai ma ka gani. Na cika alkawari."

"Wane alkawari?" Muryar nan duk ta shige. "Alamominku ne suka kayar da shi."

"Alamominmu? Wa ya raba su? Wa ya ɗaga kore?"

"Wakiliya, ni kaina ban san inda zan kwana yau ba. Ki jira wanda za a naɗa, ki fara da shi daga farko." Ya sauka da sauri yana riƙe da rawani.

Na tsaya a wurin, mutane na wuce ni suna dariya, wasu na rungumar Dokta. Wayata ta yi ƙara a jaka. Na san ko wace ce. Na bar ta ta katse, ta sake kira, na ɗauka.

"Shukufa jan, na gan ta!" Madar ce, muryarta har rawa take don murna. "Na gan ta a talabijin, ukun nan ras, kamar yadda kika zana mini. Maƙwabta ma na nuna musu. Na riga na ɗora tukunya. Ke za ki biya ki ɗauko shi, ko su za su kawo shi?"

Na zauna a kan matakala, wayar a kunnena.

"Shukufa? Kina ji na? Ki ce masa kada ya tsaya gaishe-gaishe a hanya, shinkafar za ta huce."